Kyanwata ta haihu, kwana shida 'ya'yan ba su buɗe ido ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Kyanwata ta haifi 'ya'ya huɗu, yau kwana shida, kuma ban taɓa ganin jegon kyanwa ba sai wannan. Har yanzu idonsu a rufe, kunnuwa a naɗe kamar an liƙe su. Daga tsotso sai barci, cikin barcin ma sai in ga ƙafa tana zabura. Jiya kuma na tarar ta kwashe su daga kwalin da na shimfiɗa mata, ta kai su bayan akwatin kaya. Ita kanta ci take ba ji ba gani. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mini, lafiya kuwa?

Wata da ta daɗe tana kiwo: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, kwantar da hankalinki. Haihuwa uku na gani a ɗakina, duk haka suke zuwa, ba gani ba ji. Ido yakan fara buɗewa tsakanin kwana 7 zuwa 10, wani ma sai ya kai 14. Ba lokaci ɗaya yake buɗewa ba, ɗan tsagi za ki fara gani. Kada ki sa hannu ki ce za ki taimaka masa. Idan ya buɗe shuɗi za ki gan shi a dukansu, sai wajen mako bakwai kalar gaskiya take fara fitowa. Abin da zai sa ki tashi tsaye shi ne fatar ido ta kumbura ko ruwa mai kauri ya riƙa fita. Zaburar barci kuwa ba komai ba ce. Wanda zai ba ki tsoro shi ne mai kuka ba tsayawa.

Wani mai sikeli: Ni dai ido ya taɓa yaudarata, shi ya sa nake aunawa. Biyar tawa ta haifa, duk ina ganinsu manne da nono ina cewa alhamdu lillahi. Ranar na huɗu na ɗora su kan ƙaramin sikelin girki, sai na ga ɗan baƙin bai ƙara komai ba tun jiya. Ashe bakinsa kawai ke wajen, manyan suna ture shi da ƙafa. Ana haihuwarsu da nauyin giram 100 ko kusa da haka, kullum ya kamata su ƙara 10 zuwa 15, cikin mako guda su kusa ninkawa. Sai na riƙa ɗauke manya biyu in riƙe su cikin tsumma na ɗan lokaci, in kai shi kan nonon da ke can baya wajen cinya, waɗanda suka fi ruwa. Ki ga yadda yake matsa cikin uwar da 'yan ƙafafunsa, kunne na rawa! Kwana uku ya kama hanya. A riƙa aunawa lokaci ɗaya kullum, a rubuta.

Wata da ta yi rashi: Nawa labarin ba daɗi, amma gara ku ji. Na tsinci ɗaya ya gangaro gefe cikin dare, jikinsa sanyi ƙalau. Tausayi ya sa na ɗura masa madarar shanu da cokali, na kwantar da shi rigingine kamar jariri. Da safe ya mutu. Likitan dabbobi ya ce kuskure uku na haɗa. Ba a ciyar da wanda jikinsa ya yi sanyi sai an ɗumama shi a hankali tukuna, domin cikinsa ba ya narkar da komai a lokacin. Madarar shanu gudawa take sa su, akwai tasu ta musamman. Sannan a ruf da ciki ake ba su, in ba haka ba, sai madarar ta wuce huhu. Ban san cewa ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu da kansu sai sun kai mako uku zuwa huɗu ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani dattijo: Allah ya ba da haƙuri. Amma ku daina yawan taɓa su, shi ya sa ta kwashe su. Ta ji warin hannu ƙinsu za ta yi.

Wani mai sikeli: Baba, a gafarce ni, kullum nake ɗaukar nawa kuma ba ta ƙi ko ɗaya ba. Minti ɗaya ne, da wankakken hannu, a gabanta tana kallo. Sauya wuri kuwa halinsu ne, haske ko hayaniya ko jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ma na sa su. In sabon wurin ba haɗari, a kai mata tsumma can a ƙyale ta. Daga mako biyu zuwa bakwai ma so ake a riƙa ɗaukarsu, lokacin ne suke sabawa da mutane.

Mai aiki a asibitin dabbobi: Kowa na kan 'ya'yan, bari in yi maganar uwar. Cin da take yi daidai ne, mai shayarwa na buƙatar ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba ci. A ba ta abincin da ake yi wa ƙananan kyanwoyi, ya fi ƙarfi, kada kwano ya bushe, ruwa kuma a kusa da ita. Kullum ki shafa cikinta. Nono ɗaya ya yi tauri, ya yi zafi, ya yi ja, a kawo ta ranar. Haka in tana makyarkyata, tana haki, ƙafafu sun sandare: sinadarin kalsiyam ne ya yi ƙasa, ba a kwana da shi. Ɗan jini-jini mai duhu bayan haihuwa yana iya ɗaukar makonni, amma in yana wari ko ta daina ci, akwai matsala. Wadda ba na mantawa ita ce kyanwar da aka kawo mana an ba ta farasitamol don jikinta da zafi. Guba ne gare su, ko ɓari ɗaya. Maganin ƙuman kare ma haka, mai sinadarin kashe ƙwari na fametirin (permethrin) a ciki yana kashe kyanwa. In kin ga ƙuma a jikin 'ya'yan, ki tsince da mataji mai ƙananan haƙora, don jininsu kaɗan ne.

Wata da ta daɗe tana kiwo: Na manta, kada ki nemi kashinsu ki rasa ki tsorata. Lasar da take yi musu a gindi ce ke sa su fitsari da kashi, kuma ita ke share abin, har wajen mako uku. Lokacin ne haƙora ke fitowa, su fara tafiya suna tangaɗi. Mako huɗu su fara sa baki a abinci mai laushi, rabi a ciki rabi a fuska. Kada ki ba da ko ɗaya kafin mako takwas, sha biyu ya fi. Kuma ki tsare ta daga muzuru, tawa tana shayarwa ta sake ɗaukar ciki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau kwana tara. Na bar su bayan akwatin, na samo sikeli, duka huɗun suna ƙaruwa. Da asuba na leƙa, sai ga mai fari a goshi ya buɗe ido ɗaya rabi, ɗayan a rufe, yana hura mini iska wai shi faɗa yake. Sauran ukun tukuna.