Madannai ko linzami: wanne ya fi sauri wajen gyaran rubutu?

Malam Habibu, Madina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gyaran risalata ta digiri na biyu a Jami'ar Musulunci ta Madina, kuma malamin da ke duba aikin ya dawo mini da babi na uku cike da gyare-gyare, galibinsu na wasali da hashiya, wato ƙarin bayanin da ake sawa a ƙasan shafi. Hannuna na dama ba ya hutawa, kullum yana kai-komo tsakanin allon madannai da linzamin kwamfuta, har ta kai ga bayan sallar isha'i wuyan hannun yana yi mini zugi. Abokin ɗakina ya ce in ajiye linzamin gaba ɗaya in koyi aiki da madannai kaɗai. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan fage.

Injiniya Bala, Jidda:
Wa alaikumus salam Malam. Gardamar nan ta girmi yawancinmu. A 1980 wasu masu bincike a Amurka, Card da Moran da Newell, sun auna ayyukan hannu a gaban kwamfuta, suka ƙiyasta cewa ɗauke hannu daga madannai zuwa linzami yana cin kusan sakan 0.4, nuna wurin da ake so kuma sakan 1.1, yayin da ƙwararren mai buga rubutu yake danna harafi cikin kusan sakan 0.2. To amma sun ware sakan 1.35 ga tsayawar da mutum yake yi yana tunanin abin da zai danna, kuma nan ne gizo ke saƙar. Bruce Tognazzini na kamfanin Apple ya rubuta a 1989 cewa mutanen da suka gwada sukan rantse madannai sun fi sauri, agogo kuwa yana nuna linzami ne ya fi. Mutane da yawa sun musanta masa, ni ma ban karɓa duka ba, sai dai abin da na fahimta shi ne gajeriyar hanya, wato haɗa madannai don yin aiki ba tare da linzami ba, ba ta da riba sai ta zauna a yatsu har ba a tunaninta. Kada ka haddace hamsin a dare ɗaya, ka zaɓi biyar.

Hajiya Maman Safiyya, Makka:
Ɗana Habibu, Allah ya ba da sa'a. Shekaruna da dama ina buga wa ɗalibanmu na Jami'ar Ummul Ƙura rubuce-rubucensu a gida, kuma zan zaɓar maka biyar ɗin da Injiniya ya ambata, bisa irin aikin da ke gabanka a Word. Hashiya ba ta buƙatar linzami ko kaɗan: ka haɗa Ctrl da Alt da F, lambar za ta fito, ka gangara ƙasan shafi nan take. Wasula kuwa suna ƙarƙashin Shift a tsarin madannan Larabci: Q fataha, A kisira, E ruf'a, X sukun, shadda kuma tana kan madannin zal da ke kusurwar hagu ta sama. Na ga ɗalibi yana buɗe akwatin alamomi yana tsinto fataha ɗaya-ɗaya da linzami a hadisi mai layi goma sha biyu, wallahi sai da tausayinsa ya kama ni. Sannan Shift da F5 suna mayar da kai inda ka yi gyara na baya, F4 tana maimaita aikin da ka gama yi, Ctrl da H kuma su musanya kalmar da ka yi kuskurenta a duk faɗin babin.

Duk da haka ban yarda da abokin ɗakinka ba. Idan kana bin takardar malaminka kana tsallake daga shafi na 40 zuwa wata kalma a tsakiyar sakin layi, ido ya riga ya ga wurin, linzami ne zai kai ka kai tsaye. Inda yake ba da wahala shi ne layin da Larabci ya haɗu da boko ko lambobi, domin in ka ja shi sai zaɓin ya riƙa tsalle gaba da baya. A nan ka danna farkon wurin, ka riƙe Shift, ka danna ƙarshensa, ba tare da ja ba.

Auwalu, Riyad:
Ni da za a bi tawa, Malam ya koyi Vim, wani shirin kwamfuta na gyaran rubutu wanda Bram Moolenaar ya fitar a 1991 bisa tsarin tsohon shirin vi na Bill Joy. A cikinsa hannu ba ya barin madannai ko sau ɗaya, da shi nake rubuta manhaja kullum.

Injiniya Bala, Jidda:
Auwalu ƙanena, Vim gwani ne a aikinka, amma risalar da za a miƙa da hashiya da tsarin Word cikin 'yan watanni ba wurinsa ba ne. Game da ciwon hannu, Malam, ka matso da linzamin kusa da madannai, ka bar gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, kuma idan zugin ya ci gaba ko yatsu suka fara mutuwa ka ga likita.

Malam Habibu, Madina:
Allah ya saka da alheri. Daren jiya na sa hashiya goma sha bakwai ban taɓa linzami ba. Saura abu ɗaya, Hajiya: alamar salatin Annabi da haruffanmu masu lanƙwasa, har yanzu kwafo su nake yi daga wani tsohon fayil.

Hajiya Maman Safiyya, Makka:
Ka rubuta FDFA ka danna Alt da X, ﷺ za ta fito. Haka 0199 ke ba da ƙ, 0257 ɗ, 0253 kuma ɓ. Idan harafin da ya gabata yana tsakanin a da f ne, kamar a kalmar baƙo, ka sa U+ kafin lambar, in ba haka ba Word zai haɗa su ya karanta a matsayin lamba ɗaya.