Nitirait ya ƙi sauka a sabon tankin kifina, kwana 19 ke nan

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Na haɗa tankin gilashi mai cin lita 40, kuma ban sa kifi ko ɗaya ba tukuna, domin ina so bakteriyar da ke tace ruwa ta fara zama a cikin soson filta. Kullum ina ɗiga amoniya, wato abincin bakteriyar, har ta kai ppm 2 (ppm ma'aunin yawan abu ne a cikin ruwa). Da farko kafin gari ya waye ta ɓace, amma kwana huɗu ke nan ta tsaya cak, nitirait kuwa, wato gubar da bakteriyar ke juya amoniya zuwa gare ta, da zarar na ɗiga maganin gwaji sai ruwan ya rine shuɗi mai duhu, ya wuce ƙarshen katin launi. Awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya faɗo daga 7.4 zuwa 6.0. Ruwan rijiyar burtsatse nake amfani da shi. Shin in canja ruwa ne, ko kuwa yin hakan zai mai da ni farko?

Mai Gofi:
Wa alaikumus salam. Malam, amsar tana cikin wannan pH ɗin da ka ambata a ƙarshe. Duk lokacin da bakteriya ta juya amoniya zuwa nitirait tana sakin tsami, tsamin kuma yana cinye kabonet ɗin da ke riƙe da ruwa, wato abin da ake aunawa da sunan KH. Idan ya ƙare sai pH ya rufta, kuma daga 6.5 zuwa ƙasa aikin bakteriyar yana ja baya ƙwarai, wajen 6.0 kuwa kusan tsayawa yake yi. Ka kuma lura cewa a wasu kayan gwaji 6.0 shi ne ƙarshen kati, saboda haka mai yiwuwa naka ya ma fi haka ƙasa.

Ka kwashe rabin ruwan ka zuba sabo ba tare da fargaba ba, domin bakteriyar a manne take da soso da tsakuwa da jikin gilashi, ba a cikin ruwan take yawo ba. Sannan ka daina ɗiga amoniya kullum. Kowane ppm 1 nata yana haifar da kusan ppm 2.7 na nitirait, ka ga ashe da hannunka kake tara wa rukuni na biyu na bakteriyar, mai cinye nitirait, wanda dama ya fi jinkirin hayayyafa, aikin da ya fi ƙarfinsa. Sau ɗaya a kwana uku ya wadatar.

Hajiya Mai Lambu:
Na yarda da bayanin Mai Gofi, sai dai canjin ruwa kaɗai ba zai ɗore ba idan ruwan rijiyar Sabon Shiga ba shi da kabonet tun asali, kuma rijiyoyi sun bambanta ko da a unguwa ɗaya suke. Ka ɗebi ruwan a kofi, ka bar shi ya kwana, sannan ka auna KH ɗinsa. Idan bai kai digiri 3 ba, ka narka rabin ƙaramin cokali na bekin soda ka zuba; a lita 40 zai ɗaga shi da kamar digiri 2. Kada wani ya ce maka kanwa ma za ta yi, domin ba ka san abin da ke gauraye a cikinta ba, kuma tana iya cilla pH sama fiye da kima.

Wani abin kuma shi ne wuta. Ni a bara an ɗauke mana ita kwana biyu, filta ta tsaya, da na buɗe ta sai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni, na koma kusan farko. Wannan bakteriya ba ta aiki sai da iska, don haka ka nemi ɗan famfon iska mai batir.

Sabon Shiga:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na auna ruwan rijiyar, KH ɗinsa digiri 2 ne kacal. Na canja rabi, na zuba sodar, yanzu pH yana 7.2, kuma da safiyar nan amoniyar da ta rage ta fara sauka. Yara suna ta matsa mini a sayo kifi, amma na ce musu sai ranar da amoniya ppm 2 ta ɓace cikin awa 24, nitirait ma ya nuna sifili.