Wai saboda ƙuda za a hana mu maganin tsutsar ciyawa?

Mai gyaran fili: Salamu alaikum jama'a. Wlh raina a ɓace yake yau. Shekara tara ina aikin gyaran ciyawa da furanni a gidajen mutane a nan New York, yanzu dokar da gwamna Kathy Hochul ta sa wa hannu a Disambar 2023 za ta hana mu fesa maganin ƙwari imidacloprid a ciyawa daga ƙarshen 2026, shi ne fa yake kashe tsutsar da ke cin saiwa ta ƙarƙashi, in ciyawa ta bushe ni mai gida zai kora ba gwamna ba. Duk wannan wai saboda ƙuda!

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Ɗana gyara bakinka, zuma ba ƙuda ba ce. Halittar da aka saukar da sura guda da sunanta, Suratun Nahli, ita kake haɗawa da mai bin bola?

Mai gyaran fili: Hajiya ki yi haƙuri, amma ai ƙudan zuma ake cewa, ba ni na ƙirƙiro ba

Ɗan Zango: mu a Kumasi zuma kawai muke cewa, zuma ta harbe ni, shi ke nan

Bakano: To Hausar Zango ce za ta raba mana gardama? Zuma ita ce wadda ake sha, mai yin ta ƙudan zuma. A tambayi kowa a Kurmi.

Ɗan Zango: Kullum haka kuke mana, ranar walimar Sallah ma haka aka yi, mu muka kawo tukunya uku amma wajen godiya ba a ambace mu ba

Ɗalibar noma: Yayyena dan Allah mu dawo kan magana. Wannan maganin ba a saman ganye yake tsayawa ba, tsiro yana shanye shi har ya kai cikin fure, idan zuma ta sha sai ya taɓa mata ƙwaƙwalwa ta kasa gane hanyar komawa amya. A 2013 a Wilsonville ta jihar Oregon an fesa wani magani irinsa mai suna dinotefuran a bishiyoyi suna cikin fure, manyan zuman daji kusan 50,000 suka zube a wurin ajiye motoci. Tarayyar Turai ta hana amfani da guda uku daga cikin irin waɗannan magunguna a fili tun 2018.

Bakano: kin ga ke ma zuma kika ce har sau biyu, an ɓata miki Hausa

Hajiya Babba: Allah ya yi miki albarka 'yata. Baban mu amya goma sha biyu yake ɗaurawa a kan ɗorawa, ban taɓa jin ya ce ƙuda ba.

Mai gyaran fili: Ni dai har yanzu ba wanda ya gaya min me zan zuba wa tsutsar nan

Shugaban zaure: To jama'a a taƙaice: an tabbatar maganin yana da illa, Hajiya uwa ce kuma gaskiya tana wajenta, kalmar ƙuda ba ta dace ba. Maganar walima kwamiti ya yi iya ƙoƙarinsa, ni na riƙe lissafin. A rufe haka.

Ɗan Zango: tukunya uku ne Alhaji, a duba lissafin