Ina ake rage wa bindiga mai sakata nauyi, kuma me ake rasawa?

Ɗan Yauri:
Assalamu alaikum. Ni jikan maharba ne. Bindigar toka ta kakana har gobe tana rataye a ɗakin babanmu, kuma duk wanda ya taɓa saɓa ta daga hantsi zuwa la'asar ya san yadda take cin kafaɗa. Kwanan nan na riƙa kallon mafarautan Amurka a YouTube suna hawan duwatsu da irin bindigar nan da ake ɗaga hannunta a ja baya, a tura gaba a kulle, wato mai sakata. Sai na ji suna cewa wata ba ta ma kai kilo 3 ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Don Allah masana, ina aka rage ƙarfen? Kuma ba a taɓa ƙarfin harbinta ba?

Baba Kofur, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ɗana. Irinta muka riƙe a aiki, Lee-Enfield ta Ingila da ake ce wa Mak-fo, mai harsashi .303. Ta ɗan haura kilo 4, don katako ya rufe bututunta kusan har baki. Amma ka sani nauyin nan yana da ranarsa. Shi ke shanye dukan da bindiga ke kai wa kafaɗa in ta tashi.

Malam Na-Zuru:
Gaskiya Baba ya faɗa, lissafi ma ya goyi bayansa. In harsashi ɗaya ne, aka sauko da bindiga daga kilo 4 zuwa 3, ƙarfin dukan kafaɗa zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa ake liƙa roba mai kauri a gindinta. Ƙarfin harbi kuwa na harsashi ne da tsawon bututu, nauyin jiki bai shafe shi ba.

Mafi yawan ragin a bututu yake. Ana sirantar da shi, wani lokaci a fafe masa kwari-kwari a tsaye. Illarsa saurin zafi: harbi uku ko huɗu a jere, sai ka ga harsashi ya fara kauce wa saiti. Ga mai bin gada ko barewa wannan ba komai ba ne, don harbin farko shi ne harbi. In ka kuskure, dabba ba za ta tsaya jiran na biyu ba.

Sai ƙota. An bar katako an koma roba mai tauri ko zaren kabon. Ni wannan ya fi burge ni, domin katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, ya danne bututu, saiti ya gurɓace. Na zamani ma ana barin 'yar tazara tsakanin bututu da ƙota yadda takarda za ta ratsa. Akwai kuma gajeren harsashi: kwanson .308 milimita 51 ne, na .30-06 kuwa 63, don haka gidan sakatar mai .308 ya fi gajarta, nauyi ya ragu. Tikka T3x Lite ta ƙasar Finland kusan kilo 3 ce. Kunnuwan sakata biyu da ke kulle bayan harsashi dai ba a wasa da su, tsarin da Mauser ta Jamus ta yi suna da shi tun 1898.

Baba Kofur:
Ƙari ɗaya, ɗana. Ka san halin da yankinmu ke ciki. Wannan ba ajin bindigar toka ba ce, dokar makamai ta 1959 ta sa lasisinta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, ko Shugaban Ƙasa in mai harsashin soja ce. Ka tsaya ga neman sani.

Ɗan Yauri:
Na gode Baba, sani kawai nake nema wallahi. Malam, batun kumburin katako ya warware mini wani abu: babanmu ya sha cewa bindigar kaka tana canja hali in ruwa ya sauka, mu muna ɗora laifin a kan albarushi da ya sha sanyi. Ashe ƙotar ma za ta iya sa hannu. To mara nauyin nan, ba ta fi rawa a hannu in mutum yana haki bayan doguwar tafiya ba?

Malam Na-Zuru:
Tana yi sosai. Shi ya sa za ka gan su suna ɗora ta kan jaka ko sanduna biyu kafin su taɓa kunama.