Gwajin basirar yaro ɗan shekara 3, makin zai zauna haka?

Maman Hanif: Slm ƴan uwa dan Allah a ba ni shawara, an yi wa Hanif gwajin basira a makarantar da za mu sa shi, shekararsa 3, wai ya samu 84 kuma matsakaici 100 ne, tun jiya hankalina a tashe yake, haka zai tashi ke nan?

Anti Rabi: Kwantar da hankalinki ƙanwata. Makin yaro ƙarami ba ya zama wuri ɗaya. Nancy Bayley, mai gwajin jarirai na Bayley da ya fito 1969, ta bi wasu yara a Berkeley ta Amurka tun daga haihuwa, ta ga makin jariri kusan ba ya nuna abin da zai samu in ya girma. Sai wajen shekara 6 zuwa 7 yake fara daidaita.

Maman Hanif: To Anti da wane yare ma ya kamata a yi? Shi da Turanci aka yi masa

Malama Hadiza: Haba, yaron da Hausa kawai yake ji a gida? Ai Turancinsa aka auna ba basira ba, kuma ƙila hotunan ciki ma ba irin waɗanda ya saba gani ba ne, ga baƙuwar fuska ga ƙila yunwa ko barci, yaro ya ƙi magana kawai a rubuta masa bai sani ba. Ki tambaye su sunan gwajin, in WPPSI ne, wani gwajin basirar ƙananan yara, daga shekara 2 da rabi yake farawa kuma ƙwararre ne ke yinsa, ba kowace malama ba.

Baban Amira: Ni shawarata a fara da likitan yara, a duba kunnensa da idonsa da jininsa. Ƙarancin jini da yawan maleriya suna ja da yaro baya, in kuna kusa da masu haƙar zinare a duba gubar dalma, kun tuna Zamfara 2010.

Anti Rabi: Kar dai ki yi saurin maimaita gwajin basirar, yaro na tuna tambayoyin makin ya hau a banza, a bar kamar shekara. A Sikotilan an gwada yara ƴan shekara 11 a 1932, aka sake gwada wasunsu suna kusan 80, makin ya yi kama sosai, amma ƴan 11 fa, ba ƴan 3 ba.

Maman Hanif: Na gode, Allah ya saka. Wa ya san likitan yara mai haƙuri a Kano? A turo min ta bayan fage.