Neman shawara: harajin gado zai raba mu da gidan Baba a Landan

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba ya rasu watan jiya. Tun 1988 yake Landan, yana tuƙin bas dare da sanyi yana biyan bashin gida, ko Makka bai je ba sai da ya gama biya. A gidan aka haife mu, Umma na ciki tana takaba ga ciwon ƙafa. Ya bar wasiyya a yi rabo bisa shari'a. Yanzu lauya ya ce gidan ya kai fam 700,000, wai za mu ba gwamnati kusan fam 45,000 nan da wata shida. Ba mu da su. Yaya ya ce a sayar, ni na ce Umma ba inda za ta. Ina adalci a nan? Yaya zan yi?

Baban Khalifa: Allah Ya jiƙansa. Ƙanwata, lissafin a fili yake. Fam 325,000 na farko ba haraji, ana ƙara 175,000 in gidan zama ya koma hannun 'ya'ya, abin da ya haura a cire kashi 40 cikin ɗari. Abin da matar mamaci ta gada kuwa ba a taɓa shi. Matsalarku, tumuni kawai Umma ta samu. Doka ta ba magada shekara biyu su sauya rabo a rubuce. Ku ƙara mata kaso, harajin ya faɗi.

Hajiya Babba: Rabon da Allah Ya yi za a sauya don gudun haraji? A tambayi malamai tukuna. Ni dai ba gwamnati ce ta cuce ni ba, ƙannen mijina ne suka zauna kan gonar marayuna shekara goma sha ɗaya.

Baban Khalifa: Hajiya, baligi in ya yafe haƙƙinsa ga mahaifiyarsa kyauta ce.

Ɗan Fagge: A soke harajin gadon nan kawai. Mutum ya biya haraji a albashi, ya mutu a bi gawarsa. Tun 2009 ba su ɗaga 325,000 ɗin nan ba, kuɗin gidaje kuwa sai hawa yake. Najeriya ta kawo irinsa a 1979, ta soke a 1996.

Ummu Sadik: A gyara dai, kada a soke. Yawancin masu rasuwa a Birtaniya dukiyarsu ba ta kai a cire komai ba. Ni shekara tara ina haya, ba wanda zai bar mini gida, kuma da haraji ake riƙe asibitin da muke zuwa. Maman Ilham, harajin gado a kan gida ana iya biyansa kashi-kashi cikin shekara goma, sai dai da ruwa.

Maman Ilham: Ruwa kuma? Baba ya sha nadamar bashin gidan nan, ba zan ƙara masa ba. Sauya rabo ma da wuya, akwai ƙannenmu biyu ƙanana a Kano wajen matar da ya saki, da wani fili.

Baban Khalifa: To me ya hana ki faɗa tun farko? Kason yara ba ya taɓuwa sai da izinin kotu, naku na manya kaɗai za ku iya yafewa. Filin ma yana cikin lissafi, tunda Babanku ya daɗe zaune a Birtaniya. Kin gaya wa lauyan?

Maman Ilham: Ban gaya masa ba. Filin kakanmu ne, ina ruwan Turawa da shi? Ku ba ku san halin matar nan ba ne. Yaya ma tun jiya ya daina ɗaga wayata.