Neman shawara: kalmomin Ingilishi masu tafiya bibbiyu suna ɗaure mini kai

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina tsaron shagon kawuna a babbar kasuwar Maradi, kayan gyaran moto muke saidawa. Yawancin kayan daga Najeriya suke zo mana, wasu daga Kano, wasu daga ƴan kasuwar Nnewi, su kuwa ba Hausa ba Faransanci, sai Ingilishi a WhatsApp. Da yake na yi lakwal har na samu bak, wato shaidar gama sakandare, kawu ya naɗa ni tafinta. Ingilishin da na koya tun siziyam, ajin farko na kwalej, yana ɗan kai ni, amma akwai kalmomin nan da mushenmu, wato malaminmu na lise, yake kira *phrasal verbs*. Za a rubuto maka "the truck broke down". Ka duba ƙamus, *break* karyawa, *down* ƙasa, ka haɗa sai ka ce mota ta karye ta zube, alhali lalacewa kawai ta yi a hanya. Ga "we ran out of chains", ga "he turned down the price", ga "put it off till Monday". Na samo dogon jerinsu a intanet na kama hadda, amma in na kwana sai duk su cakuɗe. Ta ina ake kama su?

Wani malamin Ingilishi a kwalej, unguwar Zariya ta Maraɗi: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, a Hausa ma kana yin irin wannan kullum. Ɗauki "ci": ci gaba, ci amana, ci bashi, ci kasuwa, ci jarrabawa. A cikinsu wanne ne ya shafi baki da tuwo? Baƙon da ya tsaya fassara "ci" daban da "amana" daban ba zai taɓa gane me aka yi wa mutumin ba. To haka *turn down* take, kalma guda ce mai rabi biyu, ma'anarta ƙin karɓa. *Run out of* ƙarewar abu a hannunka, wato sarƙar moto ta ƙare musu. *Put off* ɗage abu zuwa wani lokaci.

Jerin da ka sauko da shi ka ajiye shi tukuna. Irin wannan jeri yakan tara *get up, get on, get off, get over, get by* wuri guda, kamanninsu ɗaya, dole su haɗe maka a ka. Ka koma cikin wayarka, ka bi saƙonnin mutanen nan, duk wadda ka ci karo da ita ka kwafe jimlar ɗungurungum a kaye, wato littafin rubutu, ka rubuta ma'anar a ƙasa. Za ka ga waɗanda ake maimaita muku ba su da yawa, kuma kowace tana manne da wani abu da ya faru a shagonku, ba za ta gudu ba.

Sannan mu da muka yi lakwal da Faransanci muna da wata ƙofa da ɗan Kano ba shi da ita. Tun da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066 kalmomin Faransanci suka cika Ingilishi, shi ya sa sau da yawa abu ɗaya yake da suna biyu, na hira da na takarda. *Go on* ita ce *continue*, *give up* ita ce *abandon*, *put up with* ita ce *tolerate*, *find out* ita ce *discover*. Na takardar kusan duk ka san su a Faransanci tun firamare. Ka riƙa rubuta su gefe da gefe. In kai ne mai rubutu kuma kana shakka, yi amfani da ta takardar, za a fahimce ka ko da za ta ɗan yi kama da wasiƙar ofis.

Wani tsohon direba, layin Maraɗi zuwa Katsina: Ɗana, ni ban shiga aji ba, a bakin iyaka tsakanin Ɗan Isa da Jibiya na tsinci nawa. In jami'i ya ce "pull over" ka gangara gefen hanya ka tsaya, in ya ce "come down" ka sauko daga mota. Da kunne ake koyonsu, ka ga abin da mutane sunka yi bayan an faɗa.

Wata ɗaliba a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: Baba direba ya yi gaskiya, sai dai yaya ka lura, Ingilishin titi na Najeriya yana da nasa salo. Za ka ji an ce "off the engine" ko "on the light". A jarrabawa ko wasiƙar kamfani *switch off* ko *turn off* ake so, saukowa daga bas kuma *get off*.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne kallon ƙaramar kalmar ta baya. Sau da yawa *up* tana nufin an gama abu kaf, kamar yadda muke cewa ci da cinye, sha da shanye: *eat up, drink up, use up*. *Off* takan nuna rabuwa ko yankewa: *cut off, take off, call off*. *Back* komawa ce: *send back, call back, pay back*. Ba doka ba ce, don *give up* da *show up* ba su bi ta nan ba, amma tana rage lalube.

Akwai kuma wurin zaman *it* da *him*. Ana cewa "turn off the light" ko "turn the light off", duka daidai ne. Amma in *it* ce dole ta shiga tsakiya, "turn it off". Wasu kuwa ba sa rabuwa sam, "look after him", "look for it". Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo yana sa ƴar kibiya mai kai biyu a jikin waɗanda ake iya rabawa. Na Cambridge ma kyauta ne a intanet, ka rubuta kalmomin biyu tare, kada ka nemi ta farko ita kaɗai.

Wani mahaddaci daga Limanci: Mushe, a yi mini afuwa, ban yarda a raina hadda ba. Matsalar yaron nan ya ɗauki da yawa ne lokaci guda. A allo ma kaɗan ake rubutawa, sai an biya an riƙe kafin a wanke, kuma ana komawa tilawar baya. Ya ɗauki biyar, ya maimaita su da safe da dare da ƙarfi, ranar Juma'a ya bi na makon duka.

Malamin kwalej: Na karɓa Alaramma, in dai jimlar zai haddace, ba kalmar tsirara ba.

Wani Alhaji mai shagon taya: Yaro, ni ta kuɗi zan yi maka. *Put off* an ɗage, *call off* an fasa gaba ɗaya. Tsakanin su biyun akwai jakkuna masu yawa. Duk saƙon da ya shafi farashi, ranar lodi ko bashi, kada kunya ta hana ka mayar masa da tambaya cikin sauƙin Ingilishi, ya rubuto maka rana da adadi da lambobi. Ɗan kasuwar da ke son kuɗinka ba ya gajiya da bayani. Kuma kada ka dogara da fassarar waya kaɗai kafin ka tura wa kowa ko dala.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri, iyaye da yayye. Saura ɗaya Mushe. Jiya mutum guda ya rubuto "pick up your phone", can kuma ya ce "my boy will pick up the goods in Kano", daga ƙarshe ya ce "market is picking up". Wace ce ma'anar gaskiya?

Malamin kwalej: Duka ukun. Ta farko ka ɗauki waya, ta biyu yaronsa zai je ya karɓi kayan a Kano, ta uku kasuwa ta fara motsi. Kalmar da ke kusa da ita ce take gaya maka wadda ake nufi, waya ce, kaya ne ko kasuwa. A kayenka ka ba kowace layinta, ka bar fili a ƙasa, don akwai ta ɗaukar fasinja a mota, akwai kuma ta tsintar harshe a bakin mutane, irin yadda Baba direba ya samu nasa.